Mai Ciwon Sukari, Kada Ka Karaya

 

A makon jiya mun yi magana a kan alamun ciwon sukari, watau yawan fitsari dare da rana, da ƙishirwar da ruwa ba ya kashe ta, da ramewa alhali mutum yana cin abinci, da kasala, da miki mai ƙin warkewa. Mun ce wanda ya ga waɗannan a jikinsa ya tafi asibiti a auna jininsa. To, yau maganarmu ga wanda ya riga ya je ce, an auna, likita ya dube shi ya ce, "Kana da ciwon sukari." Da kai na ke, da ke, da mutanen gidanku duka.

Mu da mu ke aikin asibiti mun saba ganin abin da ke biyo bayan wannan magana. Mutum ya kan fito daga ɗakin likita gwiwarsa a sanyaye. Ya tuna da wane da aka yanke wa ƙafa, da wance da ta makance. An ba shi takardar abinci, ya duba ya ga kusan duk abin da a ke dafawa a gidansa an soke. Daga nan sai ya bi ɗayan hanya biyu. Ko dai ya watsar da kome, ya ce abin da zai faru ya faru, ko kuwa tsoro ya hana shi cin abinci, ya rame ya lalace. Duka biyun karaya ce ta kawo su, karaya kuwa ita ce babbar abokiyar wannan ciwo.

Ku lissafa da ni. Shekara guda tana da sa'a 8,760. A ce kana ganin likita sau 4 a shekara, ko wane zuwa kuna yin minti 15 tare. Sa'a guda ke nan. Sauran sa'o'in duka kai ne da kanka, a gida, a gona, a kasuwa, a gidan biki. Likita ba ya wurin sa'ad da aka ajiye maka kwanon tuwo, ba ya wurin sa'ad da jikinka ya kama rawa a kan hanya. Saboda haka maganin da ya rubuta ba shi da amfani sai in mai shansa ya amince da kansa, ya san zai iya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Abin Da Ke Faruwa A Jiki

Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka bari mu fara da sanin ciwon. Tuwo da fura da shinkafa da doya da burodi, in sun shiga ciki, su kan narke su zama sukari, sukarin ya shiga jini. Wannan ba aibu ba ne, gama da shi jiki ke aiki. Amma sukarin da ke cikin jini kamar kaya ne da mota ta sauke a tasha, sai an sami 'yan dako su kai shi gida-gida. Ɗan dakon nan wani ruwa ne da a ke kira insulin, wanda wata tsoka doguwa da ke kwance bayan tumbi ta ke yi.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. A iri na farko, wanda ya fi kama yara da samari, jiki ya daina yin insulin, babu 'yan dako ko kaɗan, tilas a yi allurarsa kullum. A iri na biyu, wanda ya fi kama manya, 'yan dakon sun ragu, masu gida kuma suna nawar buɗe musu ƙofa. Fiye da mutum 9 cikin ko wane 10 masu ciwon, iri na biyu gare su. Ko wanne ne dai, kaya na taruwa a tasha. Sukarin da ya daɗe da yawa cikin jini shi ke ɓata ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda, ya kashe jijiyoyin ƙafa, ya gajiyar da zuciya. Amma wannan ɓarna aikin shekaru ce, kuma a kan tare ta.

Ba kai kaɗai ba ne. A 2021 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Kai da ka sani ka riga su nisa. Kafin 1921 yaron da ya kamu da iri na farko ba ya daɗewa a duniya. A shekaran nan ne Frederick Banting da Charles Best suka samo insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa, ya farfaɗo. Yau akwai mutanen da suka yi shekara 50 da ciwon, suna nan da idonsu da ƙafarsu.

Daga Ina Ƙarfin Zuciya Ke Zuwa?

Waɗansu suna tsammani ƙarfin zuciya hali ne da a ke haihuwar mutum da shi, wanda bai samu ba ya rasa ke nan. Ba haka ba ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya yi aiki da mutane masu matsanancin tsoron maciji. Bai tsaya yi musu wa'azi ba. Ya kawo macijin da ba shi da dafi a cikin akwati, ya sa su fara kallonsa daga nesa, sa'an nan su matso, sa'an nan su ga wani ya ɗauke shi, sa'an nan su taɓa shi da safar hannu, har daga baya suka riƙe shi da hannunsu. A 1977 ya rubuta cewa babban abin da ke sa mutum ya amince zai iya abu shi ne ya taɓa yinsa da kansa ya ga ya yiwu. Bayan wannan sai ganin wani irinsa ya yi, sai kuma ƙarfafawar mutanen da ya yarda da su.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ɗan maƙeri da zuga ya ke farawa, ba a ba shi guduma ran farko. Yarinya kuwa da wanke-wanke da tankaɗe ta ke farawa kafin a bar mata tukunyar tuwo. Haka riƙon ciwon sukari ya ke. Kada ka ɗauki kome da kome rana guda. Ɗauki abu ɗaya, ka yi ta yinsa har hannunka ya saba, kana ka ƙara wani. Ga abubuwa 5 da ya kamata ka koya bi da bi.

Na Farko: Awo

Akwai ɗan injin awon sukari wanda bai kai tafin hannu ba. Wanke hannunka da sabulu ka shanya shi sarai, gama in ka taɓa mangwaro ko rake ba ka wanke ba, injin zai auna sukarin da ke kan fata, ya tsorata ka a banza. Soki gefen yatsa, ba tsakiya ba, don gefen bai kai tsakiya zafi ba. Ɗiga jinin a kan ɗan tsinken awo, ka jira lamba ta fito. Rufe kwalbar tsinkayen nan da nan, kada ka bar ta a rana, ka kuma duba ko kwanansu bai wuce ba.

Ga lambobin da za ka haddace. Ga yawancin manya, kafin cin abinci ana son 80 zuwa 130. Sa'a 2 bayan fara cin abinci ana son ƙasa da 180. Ƙasa da 70 kuwa sukari ya faɗi, sai a yi maza. Wani injin ƙananan lambobi ya ke nunawa, kamar 5 ko 7 ko 10, in ka riɓa su da 18 sai su zama na farkon. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, kamar Nijar, asibiti kan rubuta 130 ya zama 1,30. Tsofaffi da mata masu ciki likita zai ba su nasu lambobin dabam.

Nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Rubuta rana, da lokaci, da lamba, da abin da ka ci. In boko ya gagara, ajami ma ya isa, ko ɗanka ya rubuta maka. Tsinkayen awo suna da tsada, mun sani. Mai shan ƙwaya ba lalle sai ya auna kullum ba, ya tambayi likita sau nawa ya dace da shi. Amma ga dabarar da za ta sa tsinke 2 su koya maka abin da ba wanda zai koya maka. Auna kafin karin kumallo, ka sha kokonka yadda ka saba, bayan sa'a 2 ka sake aunawa. Wata rana ka sha rabin kokon ba sukari, ka haɗa da ƙosai ko dafaffen ƙwai, ka sake auna haka. Dubi bambancin da idonka. Ran da ka ga lamba ta sauka saboda abin da ka yi da hannunka, ran nan tsoro ya fara barinka.

Abu guda kuma. Lambar da ta hau ba hukuncin alƙali ba ce. Direba ba ya fushi da allurar mai in ta nuna tanki ya yi ƙasa, sai ya nemi gidan mai. In lamba ta hau, tambayi kanka, me na ci? Na sha magani? Ina da zazzaɓi? Na kwana da damuwa? Kada ka ɓoye wa likita lamba mai muni, ita ce ta fi yi masa amfani.

Na Biyu: Kwanon Abinci

Ba a hana ka abincin gidanku ba. Abin da a ke nema ka san gwargwado. Raba kwanonka kashi 4 a zuci. Kashi 2 na ganye ne da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabeji, kuɓewa, tumatir, yalo. Kashi 1 na wake ne ko kifi ko nama ko ƙwai ko awara. Kashi 1 da ya rage shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya, malmala kamar dunƙulen hannunka. Watau miya ta yawaita, tuwo ya ragu. Dawa da gero da ba a surfe su ƙal ba sun fi farar shinkafa da farin burodi, domin dusar nan tana rage wa sukari saurin shiga jini.

Ana yawan cewa acca da alkama abincin mai sukari ne. Abinci ne masu kyau, amma su ma su kan zama sukari a ciki, wanda ya cika akushi da su bai tsira ba. Haka nan zuma da mazarƙwaila da rake da dabino, duk sukari ne, ko da ba a shago aka sayo su ba. Abin sha mai zaƙi shi ya fi saurin ta da sukari. Kwalbar lemo guda, ƙaramar nan, tana ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari. In za ka fara da abu ɗaya tak a wajen abinci, fara da wannan: bar lemon kwalba, ka sha zoɓo da kunu da shayi ba sukari. Mako 2 na farko baki zai yi ƙorafi, daga baya ya kan saba.

Kada ka tsallake abinci don tsoro, balle in kana shan magani. Ci sau 3 a kan lokaci ya fi a wuni da yunwa a zo da dare a rama. In a kwano ɗaya ku ke ci da 'yan'uwa, ɗebi naka a ƙaramin kwano ka zauna tare da su, ba wanda ya ce ka ware.

Wurin da mutane suka fi kāsawa shi ne gidan suna da gidan biki, gama ƙin abin da aka miƙo maka yana da nauyi. Shirya maganarka tun daga gida. In gwaggonka ce ta kawo maka lemo, ka karɓa da hannu biyu ka ce, "Na gode, Gwaggo, Allah ya saka. Likita ya hana ni zaƙi, a ba ni ruwa, wannan na kai wa yara." In maigidanka ne a wurin aiki, ka ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini uzuri, ina kan magani." Sau na farko da wuya. Sau na uku su da kansu za su ce, "A kawo wa Malam ruwa."

A haɗa abinci da motsa jiki. Minti 30 na tafiya mai ɗan sauri, kwana 5 a mako, watau minti 150, shi ne abin da a ke so. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10 bayan cin abinci. Matan da ba su fita, daka da shara da zagaya tsakar gida duk suna cikin lissafi. Mai ƙiba in ya rage nauyi ko kaɗan ne, zai gani a littafinsa.

Na Uku: Magani Da Allura

Ka san sunan maganinka kamar yadda ka san sunan 'ya'yanka. Wanda aka fi bayarwa shi ne metformin. A kan sha shi tare da abinci, gama da fari ya kan ɓata ciki, amma yawanci wannan ya kan wuce. Wani kuma glibenclamide ne, shi yana iya kā da sukari ƙasa ƙwarai in an sha ba a ci abinci ba. Ɗaura shan magani da abin da ba ka mantawa, kamar karin kumallo. Ka koma karɓar wani tun da sauran na mako guda, ba a fafe gora ranar tafiya.

In lambobinka sun yi kyau, maganin ne ke aiki, kada ka ce ka warke ka ajiye shi. Masu tallar magani a kasuwa da tasha za su ce maka ɗaci ke kashe zaƙi, su ba ka jiƙo su ce kwana 40 ka rabu da ciwon. Mun sha karɓar waɗanda suka bar maganin asibiti don wannan, aka kawo su a sume. Duk abin da ka ke sha na gargajiya, gaya wa likita, kada ka ji kunya.

In likita ya ce lokacin allura ya yi, ba alamar ajali ba ce, ba kuma laifinka ba ne. Iri na biyu ya kan ƙaru da shekaru, 'yan dakon suna ƙara raguwa, sai a kawo musu taimako. Allurar insulin siririya ce, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata a ke yinta, a ciki ko a cinya. Koye ta yadda mutanen can suka koyi riƙe maciji. Fara da kallon malamin asibiti yana yi. Sa'an nan ka gwada a jikin lemon zaƙi. Sa'an nan ka yi wa kanka a gabansa. Sa'an nan a gida. Riƙa canja wuri kullum, gama wurin da a ke maimaitawa ya kan yi tauri, magani ya ƙi shiga daidai. Duba lambar da ke jikin kwalba, 40 ce ko 100, sirinjinka lalle ya zama mai lamba ɗaya da ita. Kada ka yi tarayyar allura da kowa.

Insulin ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara. Mai firiji ya ajiye shi a ciki, nesa da wurin ƙanƙara. Wanda ba shi da firiji ko wuta kada ya karaya. Sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wannan dabara ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan lambu, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Sa kwalbar cikin leda ka ɗaure don kada ruwa ya taɓa bakinta. A 2021 masana na Jami'ar Jeniba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sun gwada insulin a irin zafin da a ke yi a wani sansanin gudun hijira na arewacin Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga ƙarfinsa bai ragu ba har mako 4. Kwalbar da aka buɗe dai, a rubuta ranar buɗewa a jikinta, in ta kai mako 4 a sake wata.

Na Huɗu: In Sukari Ya Faɗi

Wannan shi ne abin da ya fi tsorata masu allura da masu shan glibenclamide, amma wanda ya san shi ya fi ƙarfinsa. Alamunsa su ne rawar jiki, da gumi mai sanyi, da yunwa mai tsanani, da bugun zuciya, da jiri, da fushi ba dalili, da ruɗewar magana. Ya kan zo in an sha magani an jinkirta abinci, ko an yi aikin gona mai nauyi fiye da kullum, ko an sha giya.

Da ka ji haka, tsaya. In kana tuƙi ko kana kan babur, sauka gefen hanya. Dama cokalin shayi 4 na sukari a ruwa ka sha, ko rabin kwalbar lemo. A nan kam lemo magani ne. Jira minti 15. In ba ka ji daidai ba, ko injin ya nuna har yanzu ƙasa da 70, sake sha. In ka dawo daidai, ci abinci. Saboda haka kada aljihunka ya rabu da ƙwayar sukari 4 a ƙulle, da 'yar takarda mai cewa kana da ciwon sukari.

Ku mutanen gida, ku saurara da kyau. In kun ga ya ruɗe yana gumi yana sambatu, ba iska ba ce, ba maye ba ne. In yana iya haɗiya ku ba shi ruwan sukari. In ya suma kada ku ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. Ku kwantar da shi a gefensa, ku kai shi asibiti nan da nan.

Na Biyar: Ƙafa

Ciwon sukari ya kan kashe jin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Yawancin ƙafafun da a ke yankewa da ɗan ƙaramin rauni suka fara, wanda ba a gani da wuri ba. To, ido zai yi aikin da jijiya ta bari. Ko wane dare dubi ƙafarka, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In ba ka iya sunkuyawa, sa madubi, ko wani ya duba maka. Bayan wanka ko alwala shanya tsakanin yatsu. Kada ka yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, ka kuma zazzage takalmi kafin ka sa. Da hunturu shafa man kaɗanya ko basilin don faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ka miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Ruwan wanka ka gwada zafinsa da gwiwar hannu. Kada ka ba masu yankan farce na titi ƙafarka, kada a yanke kanta da reza. Miki ko kumburi ko wurin da ya sake launi, kome ƙanƙantarsa, a kai asibiti ran nan, kada a jira mako.

Ranaku Na Musamman

In zazzaɓi ko gudawa ya kama ka, sukari ya kan hau ko da ba ka cin abinci. Mai allura kada ya daina don ya kāsa ci. Sha ruwa da yawa, ka ƙara yawan awo. In amai ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi nauyi, ko barci ya yi ta rinjayarka, asibiti ba jinkiri.

Mai niyyar azumi ya ga likita tun da sauran mako 6 zuwa 8, gama a kan sake lokacin magani da yawansa, waɗansu kuma azumi na da haɗari gare su. Likitoci sun ce in awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko alamun faɗuwar sukari suka zo, a sha ruwa nan take. Ka haɗa maganar likita da ta malaminka tun kafin wata ya kama, don zuciyarka ta natsu.

A Gaban Likita

Da yawa su kan shiga ɗakin likita su ce "To, to," su fito ba su gane kome ba. Tafi da littafinka da duk magungunanka. Shirya tambaya 2 ko 3 tun daga gida. In ba ka gane ba, ka ce, "Likita, a maimaita mini da Hausa." Wannan ba rashin ladabi ba ne. Tambayi awon da a ke kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinka ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce; ga yawancin manya ana son ƙasa da 7. A auna hawan jini ko wane zuwa, a duba ido da ƙoda da ƙafa sau ɗaya a shekara. Namijin da ya ga ƙarfinsa ya ragu wajen iyali ya faɗa, ciwon ne ke kawo haka, akwai kuma taimako. Mace mai son ɗaukar ciki ta faɗa tun kafin ta ɗauka. Mai shan taba ya nemi hanyar bari.

Ran awo, dubi waɗanda ku ke zaune tare a kan benci. A cikinsu akwai wanda ya shekara 10 yana yi wa kansa allura. Gaishe shi, ka tambaye shi yadda ya ke yi. Ku kuma mutanen gida, gori da tsaro ba su gyara mai ciwo. "Ka sake shan zaƙi ko?" ba ta ƙara masa kome sai ɓoyo. Ku rage sukari a tukunyar gida duka, ku raka shi tafiya, ku yaba masa in ya yi daidai.

Akwai ranar da za ka kauce. Za a yi biki ka ci fiye da kima, ko ka manta magani. Wannan ya kan sami kowa. Kwana ɗaya ba ya makantar da mutum, abin da ke ɓarna shi ne a ce tun da an kauce shi ke nan, a watsar. Kada ka sha magani riɓi biyu don ramuwa. Koma kan hanya a abinci na gaba. In kuwa baƙin ciki ya zauna maka mako da mako, ba barci, ba sha'awar kome, gaya wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani.

To, jama'a, ga aikin wannan mako. Mai ciwon sukari ya zaɓi abu ɗaya kaɗai cikin waɗannan: ya sayi littafin rubutu ya fara rubuta awonsa, ko ya bar lemon kwalba, ko ya yi tafiyar minti 10 bayan abincin dare, ko ya duba ƙafarsa kafin ya kwanta, ko ya ƙulle ƙwayar sukari 4 a aljihu. Ya ja layi a littafi ko a bango duk ran da ya yi. In mako ya cika ya ƙirga layukan, sa'an nan ya ƙara abu na biyu. Yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan jini, wanda ya kan zo tare da ciwon sukari. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Ku huta lafiya.